Tsakanin Gandun Daji da Ɗakin Karatu: Waiwaye Kan Tarihin Kuyambana da Makarantun Karkarar Zamfara

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya ne. Abin da ya jawo wannan waiwaye namu kuwa wata magana ce da ta daɗe tana yawo a tarurrukan masana da takardun hukuma, wato cewa yawon buɗe ido na ganin namun daji zai iya tallafa wa makarantun ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandun daji. A kunnen mutumin Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu, ko na ƙauyukan Tsafe da kudancin Gusau, wannan magana za ta yi kama da ba'a, domin shekara da shekaru ke nan abin da yake tsoro a daji ya tashi daga giwa da kura ya koma ɗan Adam mai bindiga. Wane baƙo ne zai biya kuɗi ya shiga inda mai gona ma ke shakkar zuwa?

Duk da haka muna ganin bai kamata mu marubuta mu yi watsi da maganar ba tun kafin mu bi sawunta. Jihar Zamfara tana da gandun namun daji na Kuyambana, wanda a faɗi ya fi Yankari, tana kuma cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Waɗannan abubuwa biyu an saba ambatonsu dabam-dabam, alhali tarihinsu a sarƙe yake. Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne, dajin da aka killace ba tare da an bai wa na bakinsa wani rabo ba, ƙarshensa ya zama na wanda ya fi ƙarfi. Inda kuma aka mayar wa ƙauye da wani kaso na kuɗin baƙo, ya gan shi a rufin aji da rijiya, mutanen ƙauyen ne da kansu suka zama masu gadin dajin.

Kafin Zuwan Turawa

Duk wanda ya bi hanyar da ta haɗa Tsafe da Gusau zai wuce wurare biyu masu daɗaɗɗen tarihi. Na farko shi ne 'Yandoto, garin malamai wanda ɗalibai suka riƙa nufa daga sassan ƙasar Hausa tun kafin jihadi, wanda kuma ya faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello wajen shekarar 1806. Daga wannan yanki ne Malam Sambo ɗan Ashafa ya fito, wanda ya kafa Gusau, har yau kuma sarautar Tsafe sunanta 'Yandoto. Na biyu shi ne dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, inda a da ake yin bikin shekara-shekara da ake kira Baura, samari majiya ƙarfi su hau dutsen su kamo maiki da ransa, jama'a kuwa su taru daga nesa don kallo. An daɗe da barin wannan biki, ba kuma kiran a dawo da shi muke yi ba. Mun kawo shi ne don mai karatu ya ga cewa a wannan ƙasa makaranta da dawa sun yi zaman maƙwabtaka, kuma tun can mutane kan yi tattaki don ganin wani abin mamaki na halittar Allah.

A wancan zamani daji yana da masu shi. Kowane gari na kirki yana da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, wanda ya san mashayar namun daji da makwancinsu, shi ne kuma ke gaba in za a fita farauta da rani bayan an kawar da amfanin gona. Manomi in yana sassabe ba ya taɓa kaɗanya da ɗorawa da kuka da gawo, domin ya san abin da suke ba shi. Akwai hurumi wanda ba a nomawa, akwai burtali na shanu, akwai mashaya. Malaman jihadi ma ba su bar wannan fage ba, don Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba a raya ba. Ba mu ce zamanin ba shi da ɓarna ba. An kashe giwa saboda haure, an yi yaƙe-yaƙe, dajin kudu kuma ya sha zama mafakar 'yan hari. Sai dai mutumin ƙauye yana ganin daji a matsayin rumbunsa na biyu, inda yake samun nama da zuma da magani da itacen gini. Mutum kuwa ba ya cinna wa rumbunsa wuta.

Shata Iyaka

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, sai al'amarin daji ya shiga takarda. A 1916 aka kafa dokar kare namun daji a Nijeriya, wadda ta jera dabbobin da ba a taɓawa da waɗanda sai da lasisi. Daga bisani aka shiga keɓe gandun daji a ƙarƙashin En'e, ana kafa turaku, ana naɗa malaman daji su tsare iyaka. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda ke manne da Kuyambana, a 1936 ya zama gandun daji na En'e. Manufar Turawa a nan ita ce tanadin katako da kare ƙasa daga zaizaya. A daidai wannan lokaci kuma jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya wuce zuwa Ƙaura Namoda, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, gonaki suka yi ta cin daji. Manyan namun daji suka yi ta ja da baya zuwa kudu, inda duwatsu da ƙudan tsando suka hana mutane yawan zama.

Abin lura shi ne yadda wannan tsari ya sauya matsayin ɗan ƙauye. Maharbin da jiya yake da sarauta, yau ya zama mai laifi in an kama shi da ƙahon gwanki. Matar da ta shiga tsintar kaɗanya ko karyar itace tana iya haɗuwa da tara. Kuɗin tara da na lasisi kuwa baitulmali suke tafiya, daga nan ba mai sake jin labarinsu a ƙauyen da aka karɓe su. Da haka mutane suka fara kiran wurin dajin gwamnati, abin da ke nufin ba nasu ba ne, ba kuma nauyinsu ba ne.

Tunanin killace daji musamman domin namun daji da masu zuwa kallonsu ya zo ne gab da samun mulkin kai. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a ƙasar Bauchi, aka buɗe ta ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962, sa'an nan aka yi dokar namun daji ta Arewa a 1963. Yankari ta yi sa'ar abubuwa uku: hanya, da masauki, da ruwan ɗumi na Wikki wanda ke jan baƙi ko da ba su ga giwa ba. Ganin haka ya sa, bayan an raba Arewa zuwa jihohi a 1967, kowace jiha ta so ta sami tata Yankarin. A farkon shekarun 1970 ne Jihar Arewa Maso Yamma ta keɓe Kuyambana, a ƙasar Ɗansadau da ke kudu da Gusau, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,600, alhali Yankari ba ta kai 2,300 ba. Daji ne na doka da maɗaci da ƙirya da madobiya, mai duwatsu da koguna, wanda aka san shi da giwaye masu kai da komowa tsakaninsa da Kamuku, ga gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da birai, ga tsuntsaye irin su burtu.

Yadda Kuyambana Ta Kuɓuce

Kuyambana ta sami suna a takarda, amma ba ta sami abin da Yankari ta samu ba. Ba ta taɓa zama wurin da baƙi ke tururuwa ba, saboda haka ba ta tara kuɗin da za a ce ma a raba da ƙauyuka. Sa'an nan masifu suka biyo juna. Farin 1972 zuwa 1974 ya koro makiyaya daga arewa zuwa inda ciyawa ta rage, wato cikin gandun daji. Ciwon bushiya na 1983 da farin da ya biyo shi suka ƙara dagula lamarin. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rage abin da ake kashewa kan ma'aikatan daji, ya zamana mutum ƙalilan ne, da tsofaffin bindigogi, ke gadin dajin da ba a ratsa shi a yini guda.

Makarantun karkara ma irin wannan tafarki suka bi. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, amma da kuɗin man fetur ya ja baya a shekarun 1980 sai albashin malamai ya riƙa makalewa, iska ta yaye kwano ba a mayar ba, yara suka koma zaman ƙasa ko suka koma gona da kiwo. Ashe ke nan gandu da makaranta 'ya'yan uwa ɗaya ne: dukansu hukuma ce ta kawo su daga sama, dukansu kuma da ta juya baya ba a sami wanda ya ɗauke su nasa ba.

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Sakkwato, Kuyambana ta faɗo cikin rabonta. A 1999 gwamnatin tarayya ta karɓi Kamuku, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120, ta mai da shi gandun daji na ƙasa, Kuyambana kuwa ta zauna a hannun jiha. Ko a jerin sababbin gandun daji goma da gwamnatin tarayya ta amince da ɗauka a 2020, inda Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina suka shiga, ba a sa ta ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga wajen 2011 satar shanu ta rikiɗe ta zama hare-hare kan ƙauyuka. Dalilan wannan fitina suna da yawa, ba za mu ɗora su duka a kan gandun daji ba: akwai cinye burtali da mashaya, akwai zaluncin da aka yi wa makiyaya da wanda aka yi wa manoma, akwai ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga, akwai haƙar zinari wadda tun a 2010 gubar dalmarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, ga kuma makamai da suka yawaita bayan rushewar gwamnatin Libiya. Amma duk wanda ya ɗauki makami yana bukatar maɓoya, dajin da ba shi da mai shi kuwa shi ne ya ba da ita. A Afrilun 2014 aka kashe mutum fiye da 100 a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru. A Yulin 2016 shugaban ƙasa Muhammadu Buhari da kansa ya je Ɗansadau ya ƙaddamar da farmakin soja mai suna Harbin Kunama.

Daga nan wutar ta kai ga ɗakin karatu. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Ƙanƙara, maƙwabciyar Tsafe. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe, aka tafi da 279, waɗanda aka sako bayan kwana huɗu. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar. A Satumban 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, a Nuwamba kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilmi. Duk waɗannan yara daji aka nufa da su, ko da ba Kuyambana ba. Dajin da aka yi fatan zai jawo baƙo ya gina aji, shi ne ya wayi gari yana haɗiye 'yan aji.

Inda Kuɗin Baƙo Ya Kai Aji

Kada mai karatu ya ɗauka cewa haka abin yake ko'ina. Mu leƙa maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure da ke kimanin kilomita 60 daga Yamai, a ƙasar Zabarmawa, nan ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 yawansu bai wuce 50 ba. Abin sha'awa shi ne ba a cikin gandu mai shinge suke ba, a tsakiyar gonakin mutane suke, suna cin ganyen gawo, suna kuma yi wa manoma ɓarnar wake da mangwaro. Gwamnati ta tsananta hukunci kan mai kashe su, samarin yankin suka kafa ƙungiyar 'yan jagora masu kai baƙi, wata ƙungiyar kare raƙuman dawa kuma, da taimakon abokan hulɗa na waje, ta shiga haƙa rijiyoyi, da bai wa mata ƙananan rance, da wayar da kan yara a makarantu. Manomi ya ga cewa dabbar da ke cin wakensa ita ce sanadin rijiyar garinsu, sai ya daure mata. Kafin 2020 yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji na jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ƙarewa.

A arewacin Gana, kusa da garin Wa, sarakunan Wechiau da jama'arsu ne da kansu suka keɓe bakin kogin Baƙar Bolta na tsawon kilomita 40 a 1998 domin dorinar ruwa. Ba a miƙa wurin ga hukumar nesa ba. Daga kuɗin baƙi da gudummawar da sunan wurin ya jawo aka sami rijiyoyin burtsatse da fitilu masu aiki da hasken rana da ginin makarantu a ƙauyukan yankin.

Wasu ƙasashe kuwa a doka suka rubuta rabon. Yuganda ta yi doka a 1996 cewa kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandun daji na ƙauyukan da ke kewaye ne. Ruwanda, inda baƙo ke biyan dala 1,500 don ya ga manyan biran nan da ake kira gorila, ta fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin yawon buɗe ido a 2005, ta mai da shi kashi 10 a 2017, azuzuwa da ɗakunan shan magani da tankunan ruwa na cikin abin da aka fi yi da shi. A Zimbabuwe shirin CAMPFIRE da aka fara a 1989 ya bai wa gundumomi ikon cin moriyar namun dajinsu, galibi ta hanyar kuɗin da maharba baƙi ke biya, har ƙauyen Masoka na kwarin Zambezi ya gina makaranta da rabonsa.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan misalai yana da tabonsa. A Zimbabuwe an sha kukan cewa hukumomin gundumomi na riƙe kaso mai tsoka kafin kuɗin ya kai ƙauye. A 2020 annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, kuɗin baƙi ya ƙafe a duk faɗin Afirka. A Kure kuwa, ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, cikinsu har da shugaban 'yan jagora, daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. Aikin da aka yi shekara ashirin ana ginawa, harin safiya ɗaya ya girgiza shi.

Abin da Tarihin Ya Koya Mana

Darasi na farko a fili yake: babu yawon buɗe ido sai da zaman lafiya, duk wanda kuma ya ce a kai baƙi Kuyambana kafin a kwato ta, wasa yake da rayukan mutane. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Soja na iya korar 'yan bindiga daga daji, sai dai ba zai zauna a ciki har abada ba. Ranar da ya fita, in mutanen bakin dajin ba su da wani abin da za su yi asara in ya sake lalacewa, za a koma gidan jiya. Saboda haka tun yanzu ya kamata a tsara wa zai amfana da dajin in ya dawo.

Na biyu, rabon ƙauye a rubuta shi a doka, da adadinsa, kada a bar shi ga alherin wani shugaba. Kuɗin kuma ya sauka kai tsaye a hannun kwamitin makaranta da ya ƙunshi iyaye maza da mata da liman da mai gari, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Kuɗin da ya bi ta ofisoshi da yawa, kamar ruwa ne a tsohuwar lambatu, kaɗan ke kaiwa ƙarshen fadama.

Na uku, kada a ɗora wa kuɗin baƙo abin da ba zai iya ɗauka ba. Albashin malami da littattafai nauyin gwamnati ne, kamar yadda dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta tanada, shirin da a Sakkwato ma aka ƙaddamar da shi a 1999. Abin da kuɗin baƙo ke iya yi shi ne waɗannan ƙananan abubuwa da ke hana yaro zama a aji: kwanon da iska ta yaye, benci, rijiya a harabar makaranta, makewayi na 'yan mata, ɗakin da malami zai kwana don kada ya riƙa zuwa daga birni sau biyu a mako. Amfaninsu ya fi kuɗinsu, domin yaron da ya san cewa bencin da yake zaune a kai gwanki ne ya saya masa, ba zai tashi ya ɗana wa gwanki tarko ba.

Na huɗu, baƙon da za a fara nema na gida ne. Mafi yawan masu ziyartar Yankari 'yan Nijeriya ne, cikinsu har da ayarin 'yan makaranta. Kafin a kai ga Kuyambana akwai abin da ke bakin titi: dutsen Kwatarkwashi da kufan 'Yandoto duk suna kusa da Gusau. In hanya ta yi lafiya, makarantun Gusau da Funtuwa da Zariya za su iya kawo ɗalibai su hau dutse, su ga tsuntsaye, su ji tarihi daga bakin 'yan garin, su biya ɗan abin da ya sawwaƙa a asusun makarantar ƙauyen. Ƙaramin abu ne, amma a nan za a koyi riƙon amana da lissafi kafin babban ya zo.

Na biyar, kada a sake kuskuren da aka yi wa maharba da makiyaya. Maharbi shi ne ya fi kowa sanin sawu, shi ya fi dacewa da aikin jagora da gadi. Bafulatanin da ke kiwo a gefen gandu, in ba a ba shi burtali da mashaya ba, in kuma makarantun 'ya'yan makiyaya da aka kafa wa hukuma tun 1989 ba su shiga cikin rabon ba, to an bar ƙofar da fitina ta shigo a buɗe. Haka nan manomin da giwa ta tattake wa dawa, a biya shi kafin a yi masa wa'azin son dabbobi.

Nauyin da Ke Kanmu

'Yan'uwa marubuta za su ce, mu da ba mu da bindiga ba mu da baitulmali, mene ne namu a ciki? Namu yana da yawa. Jagoran da zai kai baƙo daji da ilmi yake ciniki, ilmin nan kuwa a ƙirjin tsofaffin maharba da masu magani da makiyaya yake, waɗanda da yawansu fitina ta kore su daga garuruwansu, suna zaune a gefen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, mutuwa kuma tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Wa ya san bambancin sawun kanki da na gwanki? Wa ya san sunan kowane dutse da kowace mashaya a Kuyambana, da labarin da ke bayan sunan? A 1916, shekarar da aka yi dokar da ta raba maharbi da dajinsa, wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa, Bargery kuma ya zuba sunayen dabbobi da tsuntsaye a ƙamusunsa na 1934. Abin kunya ne a ce bayan shekara ɗari har yanzu wurinsu muke komawa neman sunan ciyawar bayan gidanmu.

Muna da makaɗa irin su Kassu Zurmi waɗanda suka yi wa maharba da 'yan tauri waƙa, muna da kirarin dabbobi da tatsuniyoyin Gizo da kura da zaki. Yaron Kekun Waje yana jin sunayen waɗannan dabbobi a bakin kakarsa, amma bai taɓa ganin ko ɗaya ba, abin da ya sani game da daji shi ne wurin da ake kai mutane a nemi fansa. Muna ba da shawara kowane reshe na ƙungiyarmu a wannan yanki ya ɗauki tsoho ɗaya ko biyu, a zauna da su da rakoda da alƙalami, a rubuta abin da suka sani da irin Hausarsu ta Zamfara ba tare da an gyara musu baki ba. Daga nan a fitar da ƙananan littattafan karatu na firamare, masu hotuna, kan dabbobi da itatuwa da duwatsun ƙasarsu. Masu ƙagaggun labarai kuma su tuna cewa ba a birni kaɗai rayuwa take ba. Malamin ƙauye da malamin daji da 'yar makarantar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga duk suna jiran wanda zai ba da labarinsu da gaskiya.

Kammalawa

Mun ga yadda daji ya tashi daga hannun Sarkin Baka ya koma hannun En'e, daga nan ya koma na jiha, daga ƙarshe ya faɗa hannun 'yan bindiga, a kowane mataki kuma mutumin bakin dajin yana ƙara nisa da shi. Mun kuma ga cewa a Kure da Wechiau da wasu wurare an juya wannan tafiya ta hanyar mayar wa ƙauye da rabonsa. Raƙuman dawan Nijar daga 50 suka farfaɗo, saboda haka ba a yanke ƙauna ga daji muddin ƙasa da ruwa suna nan. Ko giwa za ta sake shan ruwa a Kuyambana, wannan sanin Allah ne. Abin da ke hannunmu shi ne mu adana ilmin dajin kafin masu shi su ƙare, mu kuma yi ta nanatawa a rubuce cewa in ranar ta zo, kason farko na makarantar ƙauye ne.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da sauran ƙasarmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da yaranmu azuzuwansu lafiya, amin.